Dakan Inna a Kiɗan Biki

Yazidu: Alo, Safi? Salamu alaikum.

Safi: Amin, alaikumus salam, Yaya. Ina wuni?

Yazidu: Lahiya lau. Ina gajiyar biki?

Safi: Ba gajiya. Ya Yamai? Ya zahi?

Yazidu: Da godiya. Ya Baba? Ya amarya, ƙanwata Zuhura?

Safi: Duk lahiya. An sa mata lalle, dangin ango ma sun iso daga Bader Goula.

Yazidu: Madalla. To, kiɗan da na haɗa na turo, kun sa?

Safi: Rezon waya na yankewa, mi ka ce?

Yazidu: Kin ji ni sarai, Safi.

Safi: Mun gwada shi bayan la'asar, a tsakar gida, da babban baf, lasifikar nan ta Hama mai cajin waya. Kada ranka ya ɓaci hwa.

Yazidu: Ke dai gaya min.

Safi: Mata sun miƙe, sun ɗaure gyale a ƙugu, suna jiran mawaƙi ya shigo. Dum, dum, dum. Sunka yi ta jira. Hama ya ce kart ɗin da anka zuba kiɗan ciki ce ta maƙale, ya cire ta, ya hura mata iska, ya maida.

Yazidu: Ba ta maƙale ba. Haka ake yin shi, abu kaɗan ke sauyawa, a hankali. Sai an saurara.

Safi: Wa ke saurare a gidan biki? Yara dai sun yi rawa har da birgima. Raudatu ƙawar amarya ta ce ya yi mata daɗi, kamar tana cikin motar Maraɗi tana gyangyaɗi.

Yazidu: Wannan yabo ne ko zagi?

Safi: Ban tambaye ta ba. Gwaggon ango kuwa, Hajiya Aisata, ta shirya liƙi, ta zauna tana jiran a ambaci sunanta da na kakanninta. Har ya ƙare ba sunan kowa. Ta ce ba a taɓa gayyatar ta biki anka yi mata kiɗa bebe ba, in gobe haka ne ba ta zama.

Yazidu: Innalillahi. Zuhura ce hwa ta roƙe ni.

Safi: Wannan duk mai sauƙi ne. Baba ne ya tada min hankali.

Yazidu: Mi ya yi? Alo? Safi?

Safi: Ina ji. Ya dawo daga masallaci, ya tsaya bakin zaure bai motsa ba har kiɗan ya ƙare. Sai ya amshi kart ɗin hannun Hama, ya shige ɗaki da rediyonshi. An kai mashi tuwo bai taɓa ba. Wallahi tsoro nike ji.

Yazidu: Ya gane ke nan.

Safi: Ya gane mi?

Yazidu: Dum-dum ɗin nan ba ganga ba ce. Dakan Inna ne. Na ɗauka da waya, hutun da na zo kahin rasuwarta. So nike ta kasance wurin bikin Zuhura, ko ta haka ne.

Safi: Yaya, kuma ba ka gaya ma kowa... Tsaya, ga shi ya hito. Ya ce in ba shi.

Baba: Yazidu.

Yazidu: Na'am, Baba. Barka da yamma.

Baba: Tun bugun hwarko na san hannunta. Ba mai sauke taɓarya haka a garin nan.

Yazidu: Ka yi haƙuri, Baba. Ya kamata in tambaye ka.

Baba: Ban ce ka yi laihi ba. Amma uwarku ba ta daka baki ruhe. Ko tana waƙa, ko tana ma awaki hwaɗa. Na saurara har ƙarshe, na sake, ina jiran ta yi magana.

Yazidu: Ta yi magana, Baba. Ni na yanke. Irin wannan kiɗan ba a sa mashi murya.

Baba: To turo min wurin da ka yanke. Biki su sa abin da sunka ga dama.

Yazidu: Baba...

Baba: Ina jin ka.

Yazidu: Da na zuba dakan cikin ordinatar, kwamfutar da nike haɗa kiɗa da ita, abin da na yanke ban aje ba. Wayar kuma ta mutu tun bara.

Baba: Ko kalma guda?

Yazidu: Zan kai ta wurin masu gyara, wataƙila su... Alo? Baba?

Safi: Ni ce. Ya miƙo min wayar ya koma ɗaki. Ga shi can ya sake kunnawa. Yaya, mi ka ce ma—