Robobin Ƙafar Baya

A bencin jira na gareji, wani ma'aikaci ya zuba wa motarsa ido, an ɗage bayanta a kan jak. Wata dattijuwa da bai sani ba tana gefensa tana jiran tata.

Ya yi tsaki. "Kwanan nan fa aka canza mini robobin ƙafar bayan nan, Hajiya. Wai har sun cinye, shi ya sa take ƙwanƙwasa a kowane rami. Kayan yanzu duk jabu ne."

"Ni ma nan nake canzawa, nawa lafiya lau. Me kake ɗora mata?"

"Ni da jakata, daga gida sai ofis."

"To ƙurar simintin da ke but ɗin fa?"

"Na surukina ne, gini yake yi. Mutum zai ce wa surukinsa a'a?"

"Igiyar can fa?"

"Ƙanwata ce ta tashi daga gidan haya. Firji ne kawai da gado." Ya share zufa. "Duk danginmu ni kaɗai ke da mota, kowa ya mai da ni ɗan dako. Amma daga yau an gama, ko allura ba zan ƙara ɗaukar wa kowa ba."

Sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya gyara zama.

"Na'am, Kawu. Bulo? A'a, ba komai, da an sauke ta ina tafe."

Dattijuwar ta leƙa wajen bakaniken. "Malam, ka ajiye masa wasu robobin tun yanzu."