Gadon da Kafinta Ya Ƙona

A bencin asibitin fata wani tsohon kafinta yana zaune, hannuwansa cikin aljihu. Jikarsa tana ciki wajen likita. Matar da ke gefensa ta gaji da shiru.

"Baba, yarinyar nan mai ƙuraje a hannu taka ce?"

"Jikata ce. Shekara huɗu ana magani suna dawowa."

"Me likita ya ce?"

"Uwarta ta faɗa min a waya, wai daga gado ne. Ni na haɗa mata gadon. Ranar na fito da shi na cinna masa wuta."

Matar ta toshe baki, dariya na neman ƙwace mata.

"Haba Baba! Ba gadon kwanciya ba, gadon jini. Ɗana ma haka yake. An haife su garkuwar jikinsu ba ƙarfi, shi ya sa ƙwayar cutar take samun wurin zama."

Tsohon bai saba a gyara masa magana ba. Ya zaro hannuwansa ya ɗora a gwiwa. Bayansu duk irin ƙurajen ne.

"Shekara hamsin ina cewa katako ne ya ci min hannu. Ashe ni na ba ta."

"Ba kai ka zaɓa ba, Baba. Yanzu a ina take kwana?"

"A tabarma."

"To, ai aiki ya same ka."

Ya dubi ƙofar likita.

"Ta ƙara tsayi. Sai na sake awo."