Rawanin Ɗan Azumi

Zara'u: Alo? Salamu alaikum. Ayuba?

Ayuba: Amin, alaikumus salam. Yaya Zara'u! Ina wuni?

Zara'u: Lafiya lau. Ina gajiya? Ya mutanen Mayahi?

Ayuba: Alhamdu lillahi. Ya Tasawa? Ya yara? Ya Baba?

Zara'u: Yara lau.

Ayuba: Baba fa? Alo? Ko rezon waya ne ya yanke?

Zara'u: Ba rezo ba ne. Kwana uku ke nan bai sa komai a baki ba, ko fura. Tun ranar wasan karan da ka zo ka yi ka koma.

Ayuba: Haba Yaya, wasa ne fa! Kowace kaka sai samari sun kwaikwayi shari'ar Ɗan Azumi. A ɗaura wa wani ƙwarya a ciki, ya fito da ƙaton tumbi, a ce ya cinye rumbun sarki, a tuɓe masa rawani, kowa ya yi dariya. Bana ni aka zaɓa, shi ke nan.

Zara'u: Ɗan Azumi kakan ubanka ne fa, Ayuba! Duk samarin gari ba a samu mai tumbin ba sai kai?

Ayuba: Abin da aka yi tun kafin zuwan Nasara...

Zara'u: Da wane rawani ka fito?

Ayuba: Wai... na cikin adakar Baba. Na ce dai abin ya yi kama da gaske.

Zara'u: Ya ko yi. Shi ne ainihin wanda aka fizge daga kan Ɗan Azumi a fada. Baba yana bakin masallaci aka wuce da kai, yara na binka suna “ɓarawon gero”. Ya ga an jefa rawanin ƙasa an taka.

Ayuba: Innalillahi! Ai ba ya fitowa ranar wasa.

Zara'u: An ce masa ɗansa zai yi wasa, ba a faɗa masa wanda zai kwaikwaya ba. Har babbar riga ya sa. Ka san inda geron nan ya tafi? Shekarar yunwa ce. Buɗe rumbun Ɗan Azumi ya yi ya raba wa talakawa. Da aka tsare shi gaban alƙali ya ƙi faɗin sunan kowa, kar a kama su. Jikokinsu ne suka yi ta ƙyaƙyata maka dariya.

Ayuba: Wallahi ban sani ba. Ba wanda ya taɓa gaya min!

Zara'u: Ka taɓa zama ka tambaya? Raina ya ɓaci, Ayuba. Ni na wanke rawanin, ina wanki ina kuka.

Ayuba: Kai masa wayar, don Allah. Kiredin wayata ya kusa ƙarewa.

Zara'u: Baba, ga Ayuba. Na kara maka a kunne.

Ayuba: Baba, ni ne. Ka yafe min, ban...

Baba: Ayuba. Rawanin nan dama naka ne. Shekara talatin ina ajiye maka shi, ina jiran ranar da zan ga ka naɗa.

Ayuba: Baba...

Baba: To, na gani. Zara'u, ɗauke wayarki.

Ayuba: Baba, tsaya! Yanzu zan hau kabu-kabu, kafin la'asar ina... Alo? Alo?