Wanda Ya Hango Gobararmu Daga Nesa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni ɗan Gashuwa ne, mai sayar da tattasai. Tun da aka kafa ƙarfen sabis a bayan gidanmu nake faɗa da shi, don ƙarar janaretansa ta ishe mu. Amma da kaka ta yi, duk unguwa a jikin shingensa muka jingine kara da harawa, tunda bango ne na kyauta.

Ranar kasuwar Nguru ina can ina ciniki, maza duk sun fita, sai wuta ta kama karan. Mahaifiyata tana ɗaki, ga ciwon ƙafa, ba ta iya tashi. Malam Bukar mai gadin ƙarfen ma ya tafi masallaci. Yana fitowa wayarsa ta yi ƙara. Wani ma'aikacin kamfanin da ya kafa ƙarfen ne daga babban ofishinsu, inda suke lura da ƙarafunansu ta kwamfuta. Ya ce, "Baba, zafi ya yi yawa a wurinka, yi maza ka duba!"

Malam Bukar ya sheƙa da gudu yana ihu, mutane suka taru da bokitai, shi kuma ya goyo tsohuwa ya fito da ita. Harawa ta ƙone ƙurmus, gida ya tsira.

Jama'a, mu daina tara kara a wurin nan. Sannan ku ba ni shawara: ta yaya zan gode wa mutumin da ko sunansa ban sani ba? Inna dai kullum sai ta sa shi a addu'a, tana cewa "ɗan nan nawa na cikin waya."

Naku, Audu mai tattasai, Gashuwa.