Wa Zai Riƙe Karen?

A ɗakin jira na gidan karnukan da ba su da masu su, a birnin Winnipeg, Doreen na rungume da wata 'yar mitsitsiyar karya. Tsohon da ke gefenta ya ce babban kare ya zo nema.

"Haba Baba, babba ai sai ya kayar da kai a kan ƙanƙara. Ɗauki ƙarami mana, sun ma fi tsawon rai."

"Abin da nake gudu ke nan, 'yar nan. In na riga shi tafiya, wa zai riƙe shi?"

"'Ya'yanka mana."

"Haka kowa ke cewa." Ya dubi karyar. "Wannan yanzu suka ba ki ita?"

Doreen ta ƙara ƙanƙame ta.

"Kawo ta na yi. Ta marigayiya mahaifiyata ce."