Katin Asibiti a Cikin Zabura

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Salamarsa ta tabbata a gare ku duka.

Sunana Bulus Tela. Manyan cikinku sun san ni tun ranar da na baro ƙauyenmu na wajen Roni da keken ɗinki ɗaya, na kama shago a Kazaure. Lokacin ne kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, kowa yana son sabuwar riga. Na samu, na kuma ci! Shayina na safe sai an jefa masa ƙwayar sukari shida, lemon kwalba kuwa ya zama ruwan shana. A ganina ci gaba ke nan.

Sai ƙishirwa ta sa ni gaba, ga yawan fitsari, ina ta ramewa. Matata Hannatu ce ta lura tururuwa na taruwa inda na yi fitsari, ta matsa mini har muka je asibiti a Kano. Likita ya ce ciwon sukari ne. Ya ba ni magani da kati, ya ce, "Malam Bulus, duk wata uku ka dawo a gwada ka, ko kana jin ƙarfi. Ido kuma a duba shi duk shekara, don ciwon nan a ɓoye yake cin ido."

Na sha magani wata biyu, na ji garau. Na ce mai lafiya me zai je yi asibiti? Har na sa wa abin rigar bangaskiya, wai Ubangiji ya warkar da ni, komawa shakka ce. Katin kuwa na mai da shi alamar shafi, na cusa a cikin Zabura. Allah ya gafarta mini, ba bangaskiya ba ce. Lemo ne ba na so a hana ni.

Da kafar allura ta fara ɓace mini, ban nufi Kano ba, sai kasuwar Babura. Akwai wani mai baza tabarau a tabarma, ka yi ta gwadawa kana duban tafin hannunka har ka dace. Na sayi ɗaya, ya yi mini mako biyu, ya daina. Na koma. Mutumin ya miƙo wani ya ce, "Maigida, wannan na alƙalai ne." Sai da na tara guda bakwai! Ashe sukarin jinina ne ke hawa da sauka, ganina yana bin sa.

Gab da Kirsimeti asirina ya tonu. Zumuntar mata suka kawo atamfarsu ta anko, na yanke, na ɗinke. Shugabarsu, Mama Saratu, ta ɗaga riga ɗaya ta juya ta, ta ce, "Ɗana, ai baibai ka ɗinka mana." Duka baibai! Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ja da baya, ta ce, "Yatsu nawa na ɗaga?" Na kasa faɗa.

Da rana tsaka na rufe shago, na koma gida na durƙusa. Na ce, "Ya Ubangiji, tela ba ido, da me zai ci da iyali? Ka yi mini magana!" Na jawo Littafi Mai Tsarki, rubutun ya zama kamar an watsa gero. Na miƙa wa Hannatu na ce ta karanta mini Zabura. Tana buɗewa, katin ya faɗo. Ta ɗauka, ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Maigida, magana kake roƙo? Ga ta nan. Shekara uku tana kwance a cikin Littafinka."

Na yi kuka kamar yaro, 'yan'uwa.

Washegari muka shiga motar Kano. Likitan ido ya ɗiga magani, ya haska fitila, ya ce idon hagu jini ya riga ya zuba a bayansa, babu abin yi. Na dama kuwa yanar ido ce ta rufe shi, ana iya cirewa in sukari ya sauka. Ya ce, "Da an riƙa gwada ka, da wataƙila ba mu kai nan ba." Wannan magana har yau tana sukana.

Na kama yin allurar ciwon sukari kullum, na rabu da lemo, ikkilisiya tana ta addu'a. Aka yi aiki. Da ido ya warke, aka ba ni tabarau na takwas, wanda likita ya auna, mai kauri kamar gindin kwalba. Abin da na fara gani furfura ce a goshin Hannatu, wadda ban san ta fito ba. Halleluya! Rigunan zumunta kuwa na warware su na sake ɗinkawa, Mama Saratu ta sa tata ranar Ista.

Na gode wa Yesu da ya bar mini ido ɗaya, alhali taurin kaina ya isa ya cinye biyun. Kai mai ciwon sukari, ka dogara ga Ubangiji, ka kuma je a gwada ka, a duba idonka tun kana gani. Shi ya ba likita sani.

Ga katina nan a aljihu. Lafiyata ƙalau, jibi ce ranar komawata, kuma zan je. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin!