Gayyar da Aka Yi wa Gonarmu

Salama a gare ku cikin sunan Yesu, iyayena da 'yan'uwana. Ni ce Saratu 'yar marigayi Ɗanladi, wadda kuka daɗe ba ku gani a bencin nan ba. Yau zan faɗi dalili.

Baba ya rasu ina tsakiyar karatun Fiziks a jami'a. Inna ta ce in dawo, babu mai noma mana. Zumuntar matan cocinmu suka ce sam. Kowace damina suka riƙa yi wa gonarmu gayya, tun daga shuka har cirar gyaɗa. Shugabarsu Mama Laraba takan ce, "Ke dai ki gama, yaranmu su samu malamar Fiziks." Don sakandarenmu ba ta da ko ɗaya. Na ce to.

Da na gama, wani malaminmu ya ce bankuna da kamfanonin inshora suna neman irinmu saboda lissafin da muka sha, in yi digiri na biyu a harkar kuɗi. Na nema, na samu. Ba wanda ya tilasta ni, raina ne ya so.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba! Ana koyar da mu yadda ake auna riba da asara, ni kuwa bayan Mama Laraba nake gani a sunkuye cikin gonarmu. Na daina zuwa gida. In na hango 'yan garinmu a tasha, sai in sauya hanya kamar ɓarauniya. Abinci ya ƙi shiga, likita ya ce gyambon ciki ne.

Wata Lahadi na durƙusa ina kuka, na ce, "Ya Ubangiji, na ci gumin bayinka na gudu. In ajiye karatun ne?" Abin da ya sauka a zuciyata shi ne: je ki gaya musu da bakinki.

Na dawo garin nan, na iske Mama Laraba a ƙofar gidanta tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na zayyane mata komai.

Ta ce, "Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Jikana ya faɗi Fiziks bana. Amma wanda ya fi mini ciwo, kin bar uwarki tana yi mana ƙarya, kullum wai kina jarrabawa. Noma muka yi miki, Saratu, ba sayen ki muka yi ba." Sai ta turo mini faifan gyaɗar. "Zauna ki taya ni."

Cikina ya warke, ina kuma ci gaba da karatuna. Makarantarmu har yau babu malami, kuma abin yana ci na. Duk hutu ni ke koya wa yaran.

Na gode wa Yesu da ya dawo da ni. Wanda nauyi ya hana shi zuwa gida, ya dogara gare shi ya zo. Ni, maimakon kora, gyaɗa aka miƙo mini. Amin!